Zumunci a ƙafa yake, ga shi an ɗaure ƙafar: sharhi kan dokar kullen korona da Ƙaramar Sallar 2020

Ranar Litinin 18 ga Mayun 2020 sanarwa biyu suka fito kusan lokaci ɗaya, suka bar mutanen Kano suna kallon juna. Daga Abuja kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da korona, wanda Boss Mustapha ke jagoranta a lokacin, ya ce an ƙara wa Kano mako biyu na kulle. Daga gidan gwamnatin Kano kuma aka ce za a koma sallar Juma'a, za a yi Idi, amma ba hawan Sallah ba shagulgula. Jama'atu Nasril Islam da Sarkin Musulmi ke shugabanta ita kuma shawararta ita ce a jingine fita filin Idi a shekarar, mutum ya yi da iyalinsa a gida. A Kaduna gwamnan lokacin ya ce shi da kansa zai tsaya kan iyaka ranar Sallah don kar a shigo masa daga Kano.

To tambayar da ke yawo a lokacin a guruf-guruf na WhatsApp da bakin ƙofar gidaje ba ta Idi kaɗai ba ce. Mutum na Hotoro mahaifiyarsa na Gwammaja, zai iya zuwa gaishe ta? Matar da mahaifinta ya rasu a Zariya fa? Yara za su yi yawon Sallah? Wannan sharhin zai bi abin daki-daki.

Kalmomin da ake ta cakuɗawa

Abu huɗu ne ko biyar ake kira da suna ɗaya, shi ya sa rikicin ya yi yawa.

Dokar kulle ita ce a ce kowa ya zauna gida dare da rana, kasuwa a rufe, ababen hawa a ajiye, sai masu aiki na dole irin ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da 'yan jarida. Wannan ce ke kan Kano a watan Mayun 2020, da ranakun sassauci da ake buɗewa na 'yan awoyi a sayi abinci. Da farko Litinin da Alhamis ne daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, daga baya aka mayar Lahadi da Laraba da Juma'a. Dokar hana fitar dare daban take, ita ta shafi ƙasar baki ɗaya daga 4 ga Mayun 2020, daga 8 na dare zuwa 6 na safe. Sai hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ta bar ƙofa ga motocin abinci da magani da makamantansu kawai.

Killace kai kuma na wanda ya yi mu'amala da mai cutar ne ko ya dawo daga inda take, zai janye daga mutane kwana 14, don cutar kan iya ɗaukar har tsawon haka kafin ta nuna kanta. A lokacin wanda gwaji ya tabbatar yana da ita shi ake kaiwa cibiyar killacewa irin ta Kwanar Dawaki ko wadda aka kafa a filin wasa na Sani Abacha.

Na ƙarshe shi ne ba da tazara, kuma nan ne aka fi samun kuskuren fahimta. Kalmar da Turawa suka fara amfani da ita ma'anarta ta fi kusa da nisantar jama'a, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya tun a watan Maris ta ce a daina faɗin haka, a riƙa cewa tazarar jiki, saboda abin da ake so shi ne numfashinka kar ya kai ga na kusa da kai. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ce a bar kamar mita biyu, a sa takunkumi, a daina musabaha da runguma. Babu wata doka ta tarayya ko ta jiha da ta ce kar ka nemi ɗan'uwanka ko kar ka aika masa da hatsi. Taruwa aka hana da tafiya. Matsalar dai a wurinmu taruwa da tafiyar su ne kusan rabin zumuncin.

Yadda aka zo nan

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko mai cutar a Legas, wani ɗan ƙasar Italiya. Kaduna ta rufe tun 26 ga Maris, Shugaba Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris. Kano ta samu nata na farko 11 ga Afrilu, kulle ya fara daren 16 ga wata, azumi ya kama 24 ga wata, sannan 27 ga wata shugaban ƙasa ya sa wa jihar kulle na tarayya. A tsakanin nan ne masu haƙar kabari a maƙabartun birni suka fara cewa gawar da ake kawo musu ta fi ƙima, kuma yawanci dattijai ne, ciki har da malaman jami'a da manyan ma'aikata da aka sani. Wato dai-dai lokacin da ta'aziyya ta yi yawa shi ne lokacin da aka ce kar a je ta'aziyya.

Dalilin likitoci a taƙaice yake. Cutar na bin feshin tari da atishawa da ma magana, mutum na iya ɗauke da ita garau yana yawo bai sani ba, kuma ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ka duba jerin nan da kyau za ka ga su ne ainihin mutanen da al'ada ta ce a je a gaisar.

Me ya sa abin ya fi ciwo a nan

Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma ba salon magana ba ne kawai, lissafi ake yi. Wa ya zo barka, wa ya zo suna, wa ya zo dubiya asibiti da kwanon abinci, wa ya zauna kan tabarmar makoki har sadakar uku, wa ya leƙo kawai ya tafi, duk ana riƙe da su a ka shekara da shekaru, kuma ranar da naka ya taso da wannan ma'aunin za a auna maka. Wanda ya yi waya alhali yana cikin gari, a da can ana ɗaukarsa kamar ya raina abin ne. Ga kuma addini da ya yi gargaɗi mai tsanani kan yanke zumunci, ya sa dubiya da rakiyar gawa cikin haƙƙin Musulmi kan ɗan'uwansa. Don haka wanda aka ce ya zauna gida kar ya je jana'izar maƙwabcinsa, abu biyu ke cinsa, abin da mutane za su ce da kuma abin da yake ganin ya bari tsakaninsa da Allah.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, na aljihu. Ziyara a ƙasar Hausa ba hannu rabbana ake yinta ba. Ɗan da ya je gaida tsohuwa ranar Juma'a zai ajiye mata wani abu ƙarƙashin filo ko ya cusa mata a hannu, gudummawar biki ita ce ke dawo wa mace da abin da ta zuba a bikin wasu, adashi sai an haɗu ake zubi, majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi nan ake jin inda ake neman lebura gobe da wanda zai ba da rance zuwa ƙarshen wata. Inda babu fansho ga mafi yawan tsofaffi babu albashin marasa aiki, zumunci ne ke yin wannan aikin. Da aka tsayar da ƙafa sai wannan ɗan abin da ke zagayawa ya tsaya shi ma, kuma dai-dai lokacin da ɗan Kantin Kwari da mai adaidaita sahu da ke bayarwa su ma ba sa samu.

'Yan ci-rani su ma suna cikin wannan lissafin. Mayu ne watan da mai sayar da ruwa ko mai acaɓa ko mai gadi a Legas da Abuja ke haɗa kaya ya koma gida sharar gona kafin damina ta zauna, ya yi Sallah da iyali. Hana tafiya tsakanin jihohi ta same su a tsakiya, shi ya sa aka yi ta ganin labarin mutanen da aka kama ɓoye cikin tirelolin kaya da na shanu. Na kan iyaka kuma nasu ya riga na kowa, domin a lokacin iyakar Najeriya ta ƙasa a rufe take tun Agustan 2019, dangin da rabinsu ke Jibiya rabi Maraɗi, ko Daura da Damagaram, sun daɗe suna bin hanyar daji ko su haƙura.

Kullen da mata suka riga kowa sani

Kalmar kulle ba korona ce ta kawo ta ba. Matan aure da yawa a birni da ƙauye a cikinsa suke tun fil azal, fita sai da dalili sai da izini, kuma duk da haka in ka bincika su ne suka fi riƙe zumuncin dangi. Dabarunsu ne gari ya koma kai a lokacin kullen korona: aike, ciyayya, leƙe ta katanga, saƙon baki. Yarinya ta ɗauki langa ta kai gidan Inna ta ce wai Umma na gaishe ki, ta dawo da amsa da ɗan tukuici. A azumin 2020 ma kunu da ƙosai ba su daina tsallaka katanga ba.

Sai dai a nan akwai wata ƙofa da doka ba ta gani. A lokacin makarantun boko da Islamiyyu a rufe suke tun Maris, yara na gida, su ne 'yan aike, suna shiga gida biyar kafin magariba kuma ba mai tare su don jami'an tsaro manyan tituna suke tsarewa ba lunguna ba. Yara ba su cika jigata da cutar ba amma suna iya ɗaukarta, kuma ɗakin kaka nan ne masaukinsu. Gidan da manya suka bi doka sau da ƙafa yara kuma suna zagaya unguwa, tazararsa ba ta cika ba.

Abin da matan suka rasa shi ne biki da suna da zuwa unguwa, waɗanda da ma su ne ƙofar fitarsu. Mai jego ta fari da ya kamata ta tafi wanka gida, ko uwarta ta zo ta zauna da ita har arba'in, in jiha ta raba su sai dai maƙwabta su riƙe ta.

Abin da waya ta iya da wanda ta kasa

Waya ta ɗauki kaya mai yawa a watannin kullen. Guruf na dangi da da can sai barka da Juma'a ake turawa sai ga shi nan ake sanar da rasuwa da haihuwa, nan ake yin karo-karo a tura wa wanda ya fi shiga matsi. A ƙarshen Afrilu WhatsApp ya ƙara yawan waɗanda za su iya kiran bidiyo tare daga 4 zuwa 8. 'Yan boko da ma'aikata sun koma Zoom, wanda a lokacin na kyautarsa ke yankewa bayan minti 40 in an wuce mutum biyu. Tafsirin da aka saba cika masallatai dominsa a 2020 rediyo da talabijin da Facebook ne suka ɗauke shi, malam na zaune da alaramma su biyu sai mai kyamara. An ɗaura aure da mutum goma, an raɗa suna da asuba ba taro an tura hoton jariri, kuma wasu magidanta a ɓoye ba su ƙi hakan ba don kuɗin da ya rage musu.

Amma wa ke da irin wannan wayar? Ɗauki tsohuwa mai ƙaramar waya mai tocila, wadda take ɗaure a bakin zani, ba ta karatun boko, lambobin 'ya'yanta jika ne ya adana mata. Kamfanonin waya sun ba da tes kyauta, MTN ma goma a rana, amma tes ba ya mata amfani sai an samu mai karanta mata. Hanyarta ita ce filashin, ta danna ta kashe ta jira a kira. In an kira rabin maganar "kana ji na?" ce, sauran rabin kuma gaisuwa ce, ina kwana, ya ibada, ya yara, ya zaman gida, kafin a zo kan ko tana shan maganin hawan jininta kati ya ƙare. Kuma ba za ta ce ba ta da lafiya ba, "da sauƙi" za ta ce ko tana kwance. Wanda ya je da ƙafarsa shi ke ganin ƙafar ta kumbura, ya leƙa buhun ya ga ya kusa ƙasa. Wannan ne babban abin da waya ta kasa, gani ya kori ji.

Saƙon murya ya ɗan cike giɓin, domin ba ya buƙatar iya rubutu kuma ana iya sake saurara, amma sai da babbar waya da data. Ga caji, wutar lantarki ba tabbas, masu cajin waya na bakin titi su ma kulle ya shafe su. A ƙauye kuma wani wurin sai an hau tudu ake samun sabis. Rediyo ce har yanzu ke kaiwa inda intanet bai kai ba, shi ya sa sanarwar rasuwa da filayen gaishe-gaishe na tashoshi irin su Freedom da Rediyon Kano da Rediyon Tarayya na Kaduna suka ƙara daraja.

Ta'aziyya ta waya ita ce ta fi wuyar karɓuwa. Kalmominta ba su fi na minti ɗaya ba, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, Allah ya ba da haƙuri. A zaman makoki ba maganar ce ke aiki ba, zaman ne, mutum ya zo ya yi shiru kusa da kai awa biyu ana jan carbi, mata a ciki sun karɓe girki da shara kwana uku. Waya ba ta da shiru irin wannan, in aka yi shiru sai a ce sabis ne ya ɗauke.

Sannan hanyar da ke kawo gaisuwa ita ke kawo ƙarya. Saƙonnin murya na maganin korona da tafarnuwa da lemon tsami, da na cewa cutar ba ta kama baƙar fata ko zafin rana na kashe ta, ta guruf na dangi suka fi yawo, kuma abin da yayanka ko kawunka ya turo yana da wuya ka ce masa ƙarya ne a gaban kowa. WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya yi yawo sosai zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya tun farkon Afrilu, ya rage gudu dai amma bai hana ba.

Inda ra'ayi ya rabu

A lokacin likitoci da kwamitin Abuja na cewa kowace ziyara mahaɗa ce, kuma gwajin da ake yi ya yi kaɗan a san wa ke da ita, don haka a ɗauka kowa na iya zama mai ita. A wurinsu ƙaurace wa tsoho na wata biyu shi ne kula da shi. Raunin wannan matsayi shi ne an gina shi kan gida mai ɗaki da yawa da firji da albashi. Gidan haya mai iyali takwas da banɗaki ɗaya da rijiya ɗaya, tazarar mita biyu a cikinsa magana ce kawai. Ranakun sassauci kuma sun tara mutanen kwana uku cikin awa kaɗan a 'Yankaba da 'Yan Lemo, ƙirji da baya.

Malamai sun kasu. Masu goyon bayan rufewa na kafa hujja da hadisin da ya ce in annoba ta ɓarke a gari kar a shiga, na ciki kuma kar su fita, da yadda Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da kuma cewa Saudiyya kanta ta dakatar da Umara ta taƙaita shiga Harami. Suna ƙarawa da cewa zumunci a shari'a bai tsaya kan ziyara ba, aike da kyauta da sallama da addu'a duk suna ciki, wanda uzuri ya tsare ba a kiransa mai yankewa. Ɗaya ɓangaren na tambaya ne: in za a buɗe kasuwa a cakuɗu, me ya sa masallacin da ake shiga da alwala a fito cikin minti ashirin zai zauna a rufe? Wannan muhawarar ba a Najeriya kaɗai aka yi ta ba. A Nijar rufe masallatai ya jawo bore a Mirya da wasu unguwannin Yamai, kuma gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sake buɗe su ranar 13 ga Mayu.

Talakan gari kuma nasa ƙorafin rabi yunwa ne rabi rashin yarda. Tallafin da aka ce an raba da yawa sun ce a rediyo suka ji shi. An ga cunkoson da aka yi a jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a maƙabartar Gudu da ke Abuja ranar 18 ga Afrilu, har kwamitin ya fito ya ba da haƙuri, kuma mutumin da aka hana rakiyar gawar maƙwabcinsa bai manta wannan hoton ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da a lokacin ya fi na waɗanda cutar ta kashe a hukumance. Duk da haka mace-macen Afrilu sun sa wasu da ke cewa cutar masu kuɗi ce sun yi shiru, takunkumin yadi na tela ya fara yawa a fuska, ko da rabi a haɓa yake.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba, almajirai. Gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da su jihohinsu a motoci, an samu masu cutar a cikinsu, wasu an tsare su a sansani kafin a kai su gida. A takarda an haɗa yaro da iyayensa ne. Amma an kuma raba shi da malaminsa da uwar ɗakin da yake yi wa wanke-wanke tana ba shi abinci, wadda wataƙila ya fi saninta a kan dangin da aka mayar da shi wurinsu.

Abin da aka sa ran zai faru ranar Sallar 2020

A lokacin ana sa ran Sallah za ta kama Asabar ko Lahadi, ya danganta da ganin wata. A Kano an ce za a je Idi bisa sharaɗin takunkumi da wanke hannu, an kuma shawarci tsofaffi da marasa lafiya su zauna gida. Ba hawan Daushe ba hawan Nassarawa, wanda da shi ne zai zama na farko ga Sarki Aminu Ado Bayero tun naɗinsa a watan Maris na 2020, kuma masu doki da masu kwalliyarsu da 'yan hoto da masu sayar da kayan ci a hanyar hawa sun rasa kasuwar shekara. Wanda iyayensa ke wata jiha doka ba ta ba shi hanya ba, in ya bi ta ɓarauniyar hanya kuɗin mota ya ninka ga shingaye. Wanda nasa ke cikin gari kuma abin ya rage gare shi da ranar sassauci, kuma abin da ma'aikatan lafiya ke faɗi ga wanda ya ga dole ya je shi ne mutum ɗaya ya je maimakon gida guda, a gaisa a tsakar gida ko zaure inda iska ke wucewa, ba musabaha, ba daɗewa, mai tari ko zazzaɓi kuma kar ya je sam.

Zakkar fidda kai ba ta buƙatar taro, maƙwabci na nan. Barka da Sallah ta yara a shekarar da yawa ta tiransifa za ta bi zuwa asusun iyayensu ko ta hannun mai POS na unguwa, wanda zai cire nasa. Tuwon Sallah zai tsallaka katanga kamar kullum, kuma yaran da aka yi wa ɗinki, ko da kala ɗaya ne, da wuya a samu gidan da zai iya riƙe su a ɗaki har magariba.